Yadda Ake Gwada Bututan Mai Na Ƙarƙashin Ƙasa Don Gano Yoyo

Bututun da ke ɗauko fetur daga tankin ƙasa zuwa famfon sayarwa yana iya shafe shekara guda yana yoyo ba tare da wani ya ga ko ɗigo ɗaya ba, domin kankare ya rufe shi, ƙasar da ke kewaye da shi kuma tana shanye duk abin da ya fita. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gindaya cewa duk gwajin bututun da za a amince da shi dole ne ya iya gano yoyon da ya kai kimanin lita 0.38 a awa ɗaya. Adadin ba shi da yawa a kunne, amma idan bututun yana cikin matsi dare da rana, lita 9 ke nan a kullum, sama da lita 3,000 a shekara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, babu mai gidan man da zai ji wannan lissafi hankalinsa bai tashi ba.

Sai dai asarar kuɗin ita ce mai sauƙi. A Sakkwato gidaje masu yawa da rijiya da burtsatse suka dogara, daga nan 'yan garuwa suke ɗiba, kuma a unguwannin da ke gangarawa zuwa fadamar kogin Rima da kogin Sakkwato ruwan ƙasa ba shi da nisa. Fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta iyakance shi ga maikirogiram 10 a kowace litar ruwan sha. Binciken da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas a 2011 ya sami rijiyoyin da benzin ɗinsu ya ninka wannan iyaka fiye da sau 900. Da zarar mai ya isa ruwan ƙasa, fitar da shi aikin shekaru ne, kuma maƙwabcin da bai ci ribar ko kwabo ba shi ne ke fara sha.

Gwajin matsi aikin ƙwararru ne masu kayan aiki, kuma NMDPRA, hukumar da ke kula da sarrafawa da rarraba man fetur a Nijeriya, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa ta gaji aikin tsohon sashen albarkatun mai na DPR a wannan fanni, tana neman shaidarsa cikin takardun lasisin gidan mai. Duk da haka ya wajaba mai gidan da manajansa su san abin da ake yi daki-daki, domin wanda bai san yadda gwaji na gaskiya yake ba, takarda kawai za a miƙa masa ya biya.

Alamomin da ke sa a gaggauta gwaji

Littafin awo ne ke fara nuna matsala. Idan aka haɗa man da aka kwana da shi da wanda tanka ta sauke, aka cire wanda mita ta nuna an sayar, ya kamata abin da ya rage ya yi kusa da abin da sandar da ake zurawa a tanki don awo ta nuna. Bambanci kaɗan da ke hawa yau ya sauka gobe ba abin damuwa ba ne, saboda zafi da tururi da kuskuren karanta sanda. Abin tsoro shi ne giɓin da kullum ɓangare ɗaya yake karkata. A nan ne yawancin masu gida suke fara zargin yaran da ke sayarwa, har a sallami wanda bai ji ba bai gani ba, alhali man yana tafiya ne ta ƙarƙashin ƙafafunsu. Sauran alamomin su ne famfon da ke jinkiri da safe kafin ya kawo mai, ko yake kawo shi haɗe da iska, da ruwan da ke ƙaruwa a gindin tanki da damina, da warin fetur a kwalbati ko a rijiyar maƙwabta.

Kafin a taɓa komai a san irin tsarin da ke gidan. Akwai famfon da injinsa ke cikin akwatin sayarwa yana zuƙo mai daga tanki, shi ne ya fi yawa a tsofaffin gidajen manmu. Akwai kuma wanda injinsa ke nutse cikin tanki yana turo mai zuwa famfuna da yawa, wanda yawanci yake aiki da matsin da ke kusa da psi 30, wato kimanin bar 2 (psi da bar ma'aunan matsi ne). Na biyun ya fi haɗari idan ya sami rami, domin turo man yake yi waje da ƙarfi duk lokacin da aka ɗaga bakin famfo. A kuma san da me aka yi bututun, ƙarfe ne mai zare, ko roba mai kauri da ake haɗawa da wutar lantarki, ko mai bango biyu, domin kowanne yana da iyakar matsin da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta, kuma wannan iyaka tana gaba da duk wani adadi da za a ambata a nan.

Shirin wuri da raba bututu da tanki

A dakatar da sayarwa, a kashe wutar famfunan daga babban makunni, a kulle shi da kwaɗo, makullin kuma ya kasance a aljihun wanda ke aikin, ba a hannun wani yaro da zai ga layi ya taru ya kunna ba. A killace wurin da igiya ko ganguna, a hana 'yan kabu-kabu ratsawa, a nesanta janareta, a kuma sanar da mai shayi ko mai tsiren da ke jikin katanga tun da wuri cewa ranar ba za a hura wuta ba. Kada a karɓi tanka a lokacin. A ajiye abin kashe gobara na hoda guda biyu a inda hannu zai kai gare su nan take. Dalilin duk wannan shi ne tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya tashi sama, yana bin ƙasa ne ya taru a ramuka da kwalbatoci, kuma idan ya kai tsakanin kashi 1.4 da kashi 7.6 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Lokacin hunturu, da iska ke bushewa ƙayau, tufafi da robobi suna tara wutar da ke ba da tartsatsi, saboda haka man da za a tsiyaye daga bututu a tare shi a bokitin ƙarfe da aka haɗa da waya mai sauke wuta zuwa ƙasa, kada a yi amfani da jarkar roba.

Matakin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne raba bututu da tanki. Tankin ƙasa ba a yi shi don ɗaukar matsi ba; gwajinsa ba ya wuce psi 5, alhali bututu ana kai shi har psi 50. Idan tanki yana da faɗin mita biyu da rabi, matsin psi 50 zai danna kowane gefen ƙarshensa da ƙarfin da ya kai nauyin kimanin tan 173. Babu waldar tanki da aka yi don wannan. Saboda haka rufe bawul kaɗai bai wadatar ba, musamman tsohon bawul da ya sha ƙura da tsatsa. A kwance mahaɗar da ke ramin kan tanki, a ɗaura matoshi mai zare a bakin bututun, ta yadda ko da kuskure matsi ba shi da hanyar shiga tanki. A bar bututun numfashin tanki a buɗe. A ɗaya ƙarshen ma a raba bututun da famfon sayarwa, ko a rufe bawul ɗin gaggawa da ke ƙarƙashinsa a shigar da matsin ta ƙofar gwaji, domin mita da robobin cikinta kada su lalace. A rubuta adadin matosan da aka ɗaura da wurarensu, domin a ƙirga su wajen cirewa.

Geji, wato agogon auna matsi, da za a yi aiki da shi ya zama wanda matsin gwajin zai faɗo kusa da tsakiyarsa. Idan psi 50 ake nufi, a nemi mai iyakar 100 wanda layukansa suke dalla-dalla. Gejin da ke kaiwa 600 ba zai nuna saukar psi ɗaya ba ko da an zura masa ido. A nemi ganin takardar da ke nuna ranar da aka daidaita shi, kuma idan da hali a ɗaura biyu, domin allurar da ta maƙale tana nuna lafiya ko a bututun da ya fashe. Kafin a haɗa da bututu a toshe bakin tiyon gwajin, a ba shi matsi shi kaɗai, a shafa masa ruwan sabulu. Sau da yawa yoyon da ake neman fasa kankare dominsa a jikin kayan gwajin yake.

Da me ake ba da matsin

Sabon bututun da mai bai taɓa shiga cikinsa ba ana iya gwada shi da iskar kwamfureso. Bututun da ya taɓa ɗaukar fetur ko sau ɗaya ne kuwa, ba a tura masa iska ko kaɗan, domin iska da tururin fetur a matse cikin bututu abin fashewa ne da aka gama haɗawa. Abin da ake amfani da shi shi ne iskar naitirojin, wadda ba ta taimakon wuta, ko kuma man da bututun ya saba ɗauka. Silindar naitirojin tana zuwa da matsin da ke kaiwa bar 150 zuwa 200, don haka ba a haɗa ta sai da regileta mai rage matsi da kuma bawul ɗin kariya mai saki da kansa idan matsi ya haura iyaka.

Akwai kuskuren da ya kamata a ambata da sunansa, domin yana da sauƙin aukuwa a inda naitirojin ke wuyar samu. Wani zai ce ga mai walda nan kusa, a aro silindarsa. Abin da ke cikin silindar mai walda iskar oksijin ce, kuma idan ta haɗu da mai ko maiƙo a cikin matsi tana iya kama wuta ba tare da ashana ba. A karanta rubutun da ke jikin silinda da ido, kada a dogara da launin fenti, domin silindun da ke yawo a hannun jama'a an sha sake musu fenti. Ruwa kuma ba na ba da shawararsa a bututun da ke kan aiki, saboda fitar da shi gaba ɗaya daga gwiwoyi da wuraren da bututu ya lotsa yana da wuya, abin da ya rage kuma a tankin motar mai saye zai ƙare.

Idan sabon bututu ne

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bututu yana kwance a rami kan yashi mai tsabta, ba a rufe shi ba. A ɗaga matsin a hankali, a tsaya a rabin hanya a saurara a duba, sannan a kai shi inda kamfanin ya rubuta, wanda yawanci psi 50 ne ga bututun da mai ke bi, bangon waje na mai bango biyu kuma ƙasa da haka sosai. A rufe bawul, a cire tiyon kwamfureso gaba ɗaya, domin kada a sami wanda zai riƙa ƙara iska a ɓoye. A kaɗa sabulu a ruwa ya yi kauri, a bi kowace mahaɗa da kowace gwiwa da buroshi, har ƙarƙashinta inda sai an durƙusa an sa madubi ake gani. Babban yoyo yana hura manyan ƙwayoyin kumfa nan da nan. Ƙaramin shi ke buƙatar haƙuri: sai an bar wurin minti biyu ko uku, sannan a ga farar kumfa mai laushi tana taruwa a gindin zare, kamar wadda ke kan nonon da aka tatso yanzu, idan aka goge ta kuma ta sake dawowa a wuri ɗaya. A riƙe matsin aƙalla awa ɗaya.

Bayan an ci gwajin, kada a sauke matsin duka. A bar kaɗan a ciki da geji a ɗaure har a gama zuba yashi, a gama daɓe, a gama kankare, domin mafi yawan raunin da sabon bututu ke samu daga bakin shebur da diga da rodin da aka kafa ne yake zuwa, kuma gara allura ta faɗi ranar da leburori ke wurin da a gano bayan kankare ya bushe. Idan an gama komai a sake cikakken gwaji kafin a zuba mai.

Zafin Sakkwato da karatun allura

A nan ne gwaji mai kyau ke rabuwa da na jeka-na-yi-ka. Iskar da aka rufe a bututu tana ƙara matsi idan ta ɗumama, tana raguwa idan ta huce, ko da babu rami ko ɗaya. Idan aka rufe naitirojin a psi 50 lokacin da zafi yake digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, hawan digiri 10 zai ƙara kimanin psi 2. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, da zafin rana ke haura digiri 40, tiyo da geji da guntun bututun da ke fili suna iya samun wannan hawan tsakanin hantsi da azahar, baƙar roba a rana kuma ta fi haka. Ma'anarsa ita ce bututun da ke zubar da psi 2 a awa yana iya nuna allura a tsaye cak, saboda rana tana mayar da abin da rami ke ɗauka. Da yamma kuma, ko a daren hunturu da sanyi ke sauka da sauri, lafiyayyen bututu yana iya nuna faɗuwa a yi ta fasa kankare a banza.

Idan da mai ake gwajin, lamarin ya fi tsanani, domin mai ba ya matsuwa kamar iska. Fetur yana kumbura da kimanin lita ɗaya a kowace lita dubu idan zafi ya hau digiri ɗaya. Bututu mai faɗin inci biyu yana ɗaukar kusan lita 2 a kowace mita, don haka mai tsawon mita 30 yana riƙe da lita 60, kuma canjin digiri shida cikin awa ɗaya zai motsa adadin da ya kusa yoyon nan na lita 0.38 da ake nema. Man da tanka ta kwaso daga nesa ta wuni da shi a rana ya fi ƙasar da ke kewaye da bututu zafi, yana shiga kuma zai fara hucewa yana tsukewa. Saboda haka ba a gwaji jim kaɗan bayan sauke mai.

Abin da nake ganin ya fi dacewa da garinmu shi ne a kammala kwance-kwance da ɗaure-ɗaure tun da yamma, a fara ba da matsi bayan sallar asuba da gari ya waye, a gama karatu kafin rana ta gasa kankare. A rufe duk abin da ke fili da buhu ko kwali, a yi wa geji inuwa, a ajiye ma'aunin zafi a cikin ramin kusa da bututu, ba a kan teburin ofis ba.

Bayan an kai matsin inda ake so, wato ninki ɗaya da rabi na matsin aiki ga bututun da ake turo mai ta cikinsa, ko abin da kamfani ya rubuta ga na zuƙa, kada a fara ƙirga lokaci nan take. Naitirojin yana fitowa daga silinda da sanyi sannan ya ɗumama, ragowar fetur a bututu yana tururi ya ƙara matsi, bututun roba kuma yana ɗan buɗewa a hankali ya rage shi. A ba shi rabin awa zuwa awa ɗaya ya natsu, a mayar da allura wurinta, a rufe, a cire silinda, sannan a fara rubutu. Kowane minti goma a rubuta lokaci da matsi da zafi, a ɗan ƙwanƙwasa gilashin geji da yatsa kafin a karanta, a kuma tsaya daidai gabansa, kada a karanta daga gefe.

Yawanci a wannan lokaci ne mai gida zai leƙo ya ga motoci suna juyawa, ya ce, “Injiniya, ai allurar ba ta motsa ba, a buɗe mana mu ci gaba.” Amsar da ta dace ita ce, “Alhaji, a ƙara haƙuri, minti goma ba ya nuna ƙaramin yoyo, shi kuwa ƙaramin ne muka zo nema.” Cinikin awa ɗaya bai kai man wata guda da ke tsiyayewa ba.

Jerin lambobin da aka rubuta shi ke ba da hukunci. Faɗuwar da ta fara da sauri, ta riƙa raguwa, har ta tsaya, alamar zafi ce ko buɗewar roba. Faɗuwar da ke tafiya kusan daidai a kowane minti goma ba tare da niyyar tsayawa ba, alhali ma'aunin zafi bai sauya ba, yoyo ce. Faɗuwar da ta kai allura ƙasa cikin 'yan mintuna tana nufin babban rami, ko matoshin da bai ɗauru ba, ko reshen bututun da aka manta ba a toshe ba, abin da ke yawan faruwa a tsofaffin gidajen da aka sha sauya wa famfuna wuri babu zane. Hawan allura kuma ba labari mai daɗi ba ne, yana nufin gwajin bai natsu ba, kuma ba a rubuta masa sakamako sai an sake.

Gwajin da ake yi da man kansa ya fi ba da adadi tsayayye. Ana cika bututun, a fitar da duk iskar da ta maƙale ta famfon da ya fi nisa, domin iskar da ta rage tana matsuwa ta ɓoye faɗuwar. Sai a ɗaga matsi da ƙaramin famfon hannu mai kwalba mai layukan awo, kuma duk bayan wani lokaci a auna yawan man da aka ƙara kafin allura ta koma wurinta. Idan abin da ake ƙarawa yana raguwa har ya kusa babu, bututun lafiya yake. Idan ya tsaya a adadi ɗaya, wannan adadin shi ne abin da ke shiga ƙasa.

Idan bututu ya faɗi gwaji

A fara da abin da hannu ke kaiwa gare shi: matosai, mahaɗun ramin tanki, tiyon ƙarfe mai lanƙwasa da ke ƙarƙashin famfo, da bawul ɗin gaggawa. A shafa musu sabulu, a gyara, a sake gwaji. Idan har yanzu yana faɗuwa, a raba layin gida-gida inda akwai mahaɗa, a gwada kowane yanki shi kaɗai har a ƙuntata wurin. Masu kayan zamani suna zuba iskar hiliyom a bututu, su huda ƙananan ramuka a kankare, su bi da na'urar da ke shinshinar ta. Inda babu wannan, a fara tono daga wuraren da aka san suna ba da matsala, wato zaren bututun ƙarfe inda tsatsa ke fara ci, da gwiwoyi, da inda bututu ya ratsa bangon rami, da kuma hanyar da tanka ke takawa da lodi. Da an wuce kankare a koma tono da hannu. Ba a kawo injin yankan ƙarfe ko walda kusa da ƙasar da ta jiƙe da fetur.

Gyara na gaskiya shi ne a cire yankin da ya lalace a sa sabo. Ɗaure rami da robar tayar babur ko shafa masa gam yana iya cin gwajin awa ɗaya, amma fetur zai narkar da shi, sai a koma gidan jiya bayan an mayar da kankare. Idan bututun ƙarfe ya huje saboda tsatsa a wuri ɗaya, a duba sauran jikinsa da kyau, domin ƙasa ɗaya suka kwanta a ciki shekaru ɗaya. Ƙasar da ta sha mai a kwashe ta, kada a mayar da ita ramin, kada kuma a zubar da ita a gefen gari inda ruwan sama zai wanke ta zuwa fadama. Dokar da ta kafa NOSDRA, hukumar kula da malalar mai, a 2006 ta wajabta kai rahoton malalar mai cikin awa 24, a sanar da ofishin NMDPRA ma. Maƙwabtan da ke da rijiya kusa suna da haƙƙin a gaya musu a ranar, domin su daina sha har a auna ruwan. Ɓoye musu wannan zalunci ne, ko da babu hukumar da za ta taɓa sani.

Wajen kammalawa a sauke matsin a hankali ta tiyon da aka miƙa zuwa fili, kada a sake shi cikin ramin tanki. Naitirojin ba shi da wari ko launi, kuma idan ya cika rami yana kore iskar numfashi, mutum ya sunkuya ya faɗi ba tare da ya ji komai ba. Kada kowa ya shiga ramin sai an auna iskarsa, kuma da wani a tsaye a sama. A cire matosai a ƙirga su da abin da aka rubuta, a mayar da mahaɗu, a kunna famfo, a duba kowace mahaɗar da aka taɓa tana ɗauke da mai, domin su ne kaɗai gwajin bai shafa ba.

Takardar da za a karɓa ta ƙunshi ranar gwaji da lokacin farawa da gamawa, da layin da aka gwada daga wane tanki zuwa wane famfo, da abin da aka ba da matsi da shi, da lambar geji da ranar daidaita shi, da dukan karatun matsi da zafi kamar yadda aka rubuta su a wurin, da sa hannun wanda ya yi da wanda ya shaida. Takardar da ta ce kawai an gwada an samu lafiya, ba lamba ko ɗaya, ba ta da amfani ga mai gida ranar da rijiyar wani ta fara wari. A Amurka, inda babu na'urar da ke sa ido kowane wata, ana gwada bututun turowa kowace shekara, na zuƙa kuma duk shekara uku. A nan, ga gidan da ke da tsohon bututun ƙarfe, shawarata ita ce a yi kowace shekara kafin ruwan Yuni ya sauka, a kuma sake duk lokacin da aka yi tono, ko aka sauya famfo, ko kankare ya lotsa a kan hanyar bututu.